Gilashin da Inna Ta Ƙi Leƙawa

Mahaifiyata ta yi shekara da shekaru tana yanka naman mutane, kuma ita ba mahauciya ba, ba likita ba. Idan na faɗi haka cikin taro sai in ga an zaro ido, ni kuwa daɗi nake ji, shi ya sa kullum da shi nake farawa. A ɗakin gwaji na wani asibiti ta yi aiki, tun tana amarya har furfura ta cika mata kai. Duk ɗan abin da likita ya gutsuro daga jikin marar lafiya don a gano ciwonsa, teburinta yake zuwa. Ita za ta shirya shi, ta yanka, ta shimfiɗa a kan ɗan gilashi, ta rina, sannan ta leƙa a madubin nan mai ƙara girman abu, ta tabbatar aikinta ya yi kyau kafin ta miƙa wa likita ya karanta. A duk tsawon aikin nan, gilashi ɗaya ne tak ya bar hannunta ba ta leƙa ba, shi ne na mahaifina.

A layinmu Mai Kyandir ake ce mata. Dalili kuwa, ba a iya yanka tsoka siririya sai an fara dasa ta cikin narkakken kyandir ya daskare, to ƙanshin nan ya kama kayanta, ya kama gashinta, har matashin kanta. Ko yanzu idan aka ɗauke wuta na kunna kyandir, sai in ji kamar ta shigo ɗakin. Wasu kuma Likita suke kiranta, su tare ta a hanya da ƙurji ko ciwon baya. Abin yana ba ta haushi.

"Ni ba na ba da magani," take cewa. "Yanka nake yi. In kina so a yanka, zo."

Sai mai ƙurji ta ja zanenta ta yi gaba.

Ɗakin aikinta yana can ƙarshen wani dogon baranda, bayan wurin wankin asibitin. Taga ɗaya gare shi. Da ka shiga, warin fomalin, ruwan da ake jiƙa tsokar a ciki don kada ta lalace, zai yi maka yaji a ido. Kantoci sun cika bango, jere da ƙananan dunƙulen kyandir kamar gutsattsarin sabulu, kowanne da ɗan naman wani bawan Allah a tsakiyarsa. A kan teburi ga injin yanka mai hannun juyawa, ga faranti da ƙanƙara inda take sanyaya dunƙulen, ga tasa mai ruwan ɗumi. In ta juya hannun injin, sai ka ga zirin kyandir yana fitowa daga bakin wuƙar, ya fi fatar albasa siranta nesa ba kusa ba. Ta ɗauke shi da ɗan burushi, ta ɗora a kan ruwan ɗumin ya miƙe, ta zura gilashi ta ƙasa ta ɗago shi. Akwai fanka a ɗakin, amma ban taɓa ganin tana juyawa ba, don iska kaɗan ta isa ta kwashe aikin yini. Gumi yana bin wuyan Inna, ba ta ko sharewa. Ina ƙarama an kai ni sau da yawa, kuma duk zuwa sai an kore ni, saboda ni bakina ba ya rufuwa, magana kuwa iska ce.

Baba tela ne. Shagonsa yana bakin titi, da baƙin keken ɗinkinsa da rubutun jikinsa ya goge, da tef ɗin awo a wuya, da alli a bayan kunne. Shi na gado wajen surutu. Inna kuwa sai ta yi rabin yini ba ta ce uffan ba. Yakan ce su biyu sana'arsu ɗaya, kowa keke yake juyawa, bambancin kawai shi masu kayansa suna dawowa su yi masa tsiya, ita kuwa nata ba sa magana.

Akwai wata kalma a gidanmu da ba ta nufin abin da take nufi a gidan kowa, ita ce ɗinki. Asalinta daga Dogon Likita ne, wanda yake karanta gilasan da Inna ta shirya. Mutum ne mai son koyarwa, ko ba ka tambaya ba sai ya koya maka. Yana wani bincike a kan cututtukan hanji, ya sa Inna tana yi masa wani rini na musamman, wanda ke fito da wani siririn layi ruwan ƙasa a tsakanin ƙwayoyin jiki. Ya zaunar da ita ya yi mata bayanin layin nan, ya faɗi sunansa da Turanci. Inna ta leƙa, ta daɗe, ta ɗago ta ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ɗinki ne." Ya yi dariya ya ce ya karɓa. Daga ranar shi ma haka yake cewa in suna su biyu.

To, Baba bai san da wannan ba. Wata rana da yamma, lokacin ba a ma haife ni ba, Inna tana ninke wanki, hankalinta yana can kan wani gilashi da ta gani da rana. Rigar da Baba ya ɗinka mata ce a hannunta. Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce a hankali, "Allah sarki. Ɗinkin ya saki tun daga sama har ƙasa, ba na jin zai gyaru."

Baba yana bakin ƙofa, ya ji. Ya zo ya zare rigar daga hannunta, ya juya ta bai-bai, ya bi kowane layi yana ja. Bai sami ko zare ɗaya da ya motsa ba. Ya ajiye ta, ya koma gefe ya ɗaure fuska. Aka kawo abinci ya ce ya ƙoshi. Sai da ta matsa masa sannan ya ce, "Mutanen gari su kushe aikina, in dawo gida ma a kushe? Nuna mini inda ya saki."

Wai Inna ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Labarin nan na ji shi daga bakin Baba ya fi a ƙirga, kuma duk bayarwa sai ya ƙara masa gishiri. Amma bayanin da ta yi masa bai taɓa canzawa ba, don ya haddace shi.

Ta ce masa, "Kai Tela, ba kana sa wa riga shafi ba? To hanjin mutum ma yana da shafi ta ciki. Shafin nan ƙananan ƙwayoyi ne a jere, kafaɗa da kafaɗa, ido ba ya ganinsu. Kowace an ɗinke ta da maƙwabtanta ta wajen wuya, an zagaye ta. Zaren kuwa furotin ne, iri-iri. Ɗinkin nan shi ke hana abin da ke cikin hanji ya yoyo ya shiga jiki, sai abin da aka yarda ya wuce. Kuma yana cikin abin da ke sa ƙwayar ta san ina ne samanta, ina ne ƙasanta, ta san tana da maƙwabta, kada ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. In ya saki, shafi ya fara yoyo, sai kumburi, sai ciwo. A ciwon daji kuwa sai ka ga zaren ya ragu, ko ya bar mazauninsa, wani irin ma ya yi yawa inda ba a buƙatarsa. Ƙwayoyin su daina jeruwa, su hau kan juna, wasu su saki hannun 'yan uwansu su kama hanya su tafi wani wuri a jiki."

Baba ya ɗauko rigar ya sake duba shafinta. Can ya ce, "Wane telan ne ya yi wannan?"

Ta ce, "Wanda ya fi ka."

Ya ce a kawo abincin.

Daga baya ya nace sai ta koya masa sunayen zaren. Ta ce akwai kulodin, akwai okuludin. Ya ce waɗannan ai sunayen 'yan dambe ne. In yaro ya yi rashin ji a gida sai ya ce zai kira masa Okuludin, kuma wallahi muna tsoro. Na girma kafin in san ba mutum ba ne.

Tun daga lokacin, duk yamma in ta dawo ta cire takalmi, sai ya ce, "Mai Kyandir, yau yaya ɗinkin jama'a?" Ita kuma ta ce, "Wasu ya riƙe, wasu ya saki." Ba ta taɓa ƙarawa a kai ba. Ba suna, ba kama. Takan ce faɗar sakamako aikin likita ne, ita nata ta yi yanka mai kyau. Amma shekarun da ta yi tana leƙe sun sa idonta ya san abin da yake gani, kuma Baba ya san haka. Ya kuma san wani abu da duk muka sani: Inna ba ta iya ƙarya ba. Ko cewa ta yi abinci ya yi daɗi alhali bai yi ba, sai fuskarta ta tona ta.

Ina da aure da 'ya'ya, ina zaune layi biyu daga gidansu, lokacin da Baba ya fara ramewa. Da fari wandonsa ya yi ta rage wa ƙugu yana wasa da abin, wai shi tela ne, rama ba ta ci masa kuɗin gyara. Sai ciwon ciki, sai jini. Ya ɓoye, don shi mutum ne mai tsoron asibiti duk da matarsa can take yini. Ranar da Inna ta gano, ban taɓa jin ta ɗaga murya irin ta ranar ba. Aka kai shi. Aka zura masa wata siririyar roba mai fitila a baki aka duba hanjin, aka ga wani wuri da ba a gane ba, aka gutsuro ɗan kaɗan. Ya sha wuya ƙwarai, ya fito a galabaice, likitan da ya yi aikin ya ce ba ya son a sake maimaita masa nan kusa.

Abin da aka gutsuro bai wuce ƙwayar riɗi ba. Ya iso teburin Inna cikin 'yar kwalba.

Dogon Likita, wanda shi ma lokacin ya tsufa, ya zo da kansa ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce mata ba dole ba ne, abokiyar aikinta tana nan, ta bar mata. Abokiyar aikin nan Gajera suke kiranta, Inna ce ta koya mata aiki, kuma hannunta ba laifi. Amma ƙaramin abu irin wannan, in mai yanka ya zurfafa wuƙa kaɗan, shi ke nan ya tafi cikin shara, sai an koma jikin mutum an sake gutsurowa. Inna ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Ni zan yanka."

Gajera ce ta ba ni labarin yadda aka yi. Ta ce Inna ta dasa shi a kyandir, ta ɗora a ƙanƙara, ta sa sabuwar wuƙa. Ta juya hannun injin a hankali kamar mai tsoron tada jariri. Zirin ya fito sumul, ba tsaga ba naɗi. Ta ɗora a ruwa, ta ɗago, ta shanya, ta rina da shuɗi da ja-ja kamar yadda ake yi wa kowane gilashi, ta rufe. Sannan ta ɗauko shi ta nufi madubi, kamar kullum. Sai ta tsaya. Ta juyo ta miƙa wa Gajera.

"Duba mini ko akwai naɗi ko ƙura. In babu, kai wa Likita. Kada ki ce mini komai."

Gajera ta ce sai da ta sake tambaya, don ba ta yarda da kunnenta ba.

Ni ina gidan da yamma lokacin da Inna ta dawo. Baba yana kishingiɗe a tabarma a tsakar gida, na kawo masa ruwa. Na san zai tambaya, kuma na san duk abin da ta gani zai fito a fuskarta. Ta yi sallama, ta cire takalmi, ta rataye jaka a ƙusa. Ya bi ta da ido.

"Mai Kyandir," ya ce, "yaya ɗinkina?"

Ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Na yanka, ya yanku da kyau. Amma ban leƙa ba."

"Ba ki leƙa ba?"

"Ban leƙa ba. Likita zai ƙara wasu gwaje-gwaje, sai nan da 'yan kwanaki zai kira mu."

Na zuba wa fuskarta ido, na ga gaskiya take faɗa. Baba ya ce, "To, madalla." Ya juyo wajena ya ce, "Auta, ke kuma kin tsaya kamar an dasa ki. Je ki gani ko akwai abin da mutum zai sa a baki."

Ni dai wani sanyi ya sauka a zuciyata. Na ce tunda ba a sani ba, ai akwai rabo.

Kwanakin nan da muka yi muna jira, ban san yadda zan kwatanta su ba, sai dai in ce ina kewarsu fiye da ranar aurena. Baba ya sa aka ɗauko masa kekensa daga shago aka kafa a ƙarƙashin rumfa. Ya ciro wani yadi shuɗi mai ƙananan furanni da ya daɗe yana ɓoyo, ya ce zai yi wa Inna riga. Ya auna ta a gabanmu, yana tsokanarta wai ta ƙara faɗi, ita tana ture hannunsa. Ta ɗauki hutu, abin da ba ta saba ba, ta zauna kusa da shi tana zura masa zare a allura, don idonsa ya fara gajiya. 'Ya'yana suna tsince ƙyallaye a ƙasa suna yi wa 'yar tsana zane. Yayana ya zo da iyalinsa, gida ya cika. Baba ya ba da labarin rigar da aka ce ɗinkinta ya saki, wannan karon har ya ce kwana uku ya yi bai ci abinci ba. Inna ta ce, "Kai Tela, ji tsoron Allah." Muka yi ta dariya. Ni kuwa ina ta shirin yadda za mu yi in ya warke, har ina faɗa da yayana a kan wa zai biya fentin shago.

Ya gama rigar ana gobe za a kira mu. Ya juya ta bai-bai ya bi layukan da yatsa, ya yanke ragowar zare, ya goge ta da kansa.

Dogon Likita ne ya faɗa mana, a ofishinsa, a tsanake. Ciwon daji ne, kuma daga hotunan da aka ɗauka ya riga ya taɓa hanta. Ni ce na fashe da kuka. Baba ya dafa kaina yana cewa in yi haƙuri, kamar ni ce marar lafiyar. Aka yi abin da za a iya yi. Bai cika shekara ba Allah Ya karɓi abinsa.

Inna ta koma aiki ta ƙarasa shekarunta, ta yi ritaya. Daga baya aka rushe ɗakin nan na ƙarshen baranda, aka yi sabon gini mai na'urar sanyi da injuna masu aiki da kansu. An ce sun fi sauri, kuma na yarda. Na je sau ɗaya, ban ji ƙanshin komai ba, na juyo.

Na daɗe ina riƙe da wata tambaya. A raina ina ganin Inna ta yi dabara mai kyau, ta rufe idonta don ta samar mana 'yan kwanakin farin ciki, ita ma ta samu. Sai bayan ta tsufa sosai, ta dawo gidana da zama, wata rana da hantsi ina yanke mata farce a bakin ƙofa, na ce, "Inna, ranar nan da kika ƙi leƙa gilashin Baba, ba ki ji kamar ki koma ki duba ba? Ni da ni ce, da ban iya haƙuri ba."

Ta ce, "Ke ai ba ki iya haƙurin komai ba."

"To ki gaya mini mana."

Ta dubi farcen da na gama yanke mata. Sannan ta ce, "Ban leƙa ba, gaskiya na faɗa masa. Amma Auta, shuɗin rinin nan cibiyar ƙwayoyi yake kamawa. Inda suke a jere yadda ya kamata, gilashin haske yake yi. Inda suka taru suka hau kan juna, sai ya yi duhu. Ina ɗago shi daga ruwan rini na ga ɗigon ya yi shuɗi ƙirin. Ba hujja ba ce, likita ba zai rubuta komai a kanta ba. Amma na ga irinsa da yawa."

Na ajiye abin yankan farcen. "Ashe kin sani. Kika bar shi yana ɗinki yana dariya bai sani ba."

"Wa ya ce miki bai sani ba?" Ta dube ni kamar yadda take dubana ina yarinya in na yi wauta. "Mutumin da ya shekara nawa yana jin ina cewa ba gilashin da ke barin hannuna ban leƙa ba? Ina cewa ban leƙa ba, na gama gaya masa komai. Ba ki ga bai sake tambaya ba?"

Ban gani ba. Wallahi ban lura ba, ina can ina faɗa a kan fenti.

"Washegari da safe ya ce mini, a bar yarinyar nan ta sha iska kafin Likita ya kira," in ji ta. "Shi ya sa aka ɗauko keken. Duk gidan ke da yayanki ne kawai kuke jiran sakamako."

Hawaye ya hana ni ganin yatsunta. Ta jira ni na ɗan lokaci, sannan ta miƙo mini ɗaya hannun.

"Ƙarasa mini," ta ce. "Kuma kada ki zurfafa."